Tuɓe Mutum Don Koyon Zane: Mace Ko Namiji?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Akwai wata mas'ala wadda a da ba ta shafi mutanen Magajin Gari ko kaɗan ba, amma yanzu ta shigo har zaure, tun da 'ya'yan Birnin Gwari suka soma cika takardun neman shiga manyan makarantu, waɗansunsu kuwa Allah Ya hore musu hannun zane. Yaron da ya tashi yana zana manyan motocin da ke ratsa gari a kan hanyar Kaduna zuwa Ikko a bayan littafinsa na lissafi, in ya gama sakandare ba inda hankalinsa zai tafi sai sashen koyon zane da sassaƙa, irin wanda ke Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A cikin darussan da makarantun zane na duniya suka gada daga Turai kuwa akwai darasin zana jikin ɗan Adam daga mutum mai rai. Watau a kawo mutum a tsai da shi a tsakiyar ɗaki, ɗalibai su kewaye shi da allunansu da gawayinsu, su yi sa'a biyu ko uku suna dubansa suna zanawa. A asalin tsarin Turawa, wannan mutum tuɓewa yake yi, ya tsaya yadda uwarsa ta haife shi. Uban da ya ji wannan labari yakan tsaya ya yi tambaya, tambayar kuwa kusan kullum guda ce: mace ce za ta tsaya ko namiji? In aka ce masa namiji ne, sai ya yi ajiyar zuciya, ya sa wa yaro albarka.

Wannan ajiyar zuciya ita ce abin da ya kamata a duba, domin akwai kuskure a cikinta, kuma kuskuren ya fi mas'alar makarantar zane faɗi.

Kafin a zo ga hukunci, yana da kyau mai karatu ya san cewa su masu al'adar ba su taɓa tsayawa a kan magana ɗaya ba. Makarantar zane ta sarkin Faransa, wadda aka kafa a Faris cikin 1648, ta daɗe ƙwarai ba ta tsai da kowa a ɗakin darasi sai namiji, domin sun gaji ra'ayin Girkawan da cewa jikin namiji shi ne cikakken jiki. Mikelanjelo, gwanin Italiya wanda ya yi wa rufin cocin Fafaroma zane tsakanin 1508 da 1512, ya bar takardun gwaji da suka nuna cewa namiji ya duba lokacin da yake shirya surar wata mace. A Landan, makarantar da aka kafa cikin 1768 ta yarda a tsai da mata, amma ta hana ɗalibin da bai kai shekara 20 ba shiga ɗakin, sai in yana da aure. Cikin waɗanda suka kafa wannan makaranta akwai mata biyu gwanaye, Angelica Kauffman da Mary Moser. Da aka zo zana taron waɗanda suka kafa ta, aka nuna su a ɗakin darasi suna duban maza biyu da aka kawo don tsayawa, sai aka rasa yadda za a yi da matan nan, aka zana fuskokinsu kurum a matsayin hotuna rataye a bango. Ba a bar ɗalibai mata na makarantar su zana namiji mai rai ba sai cikin 1893, shi ma da sharaɗin ya ɗaura wani abu a ƙugu. A Amurka kuwa, cikin 1886, an tilasta wa wani malami, Thomas Eakins, barin aikinsa a makarantar zane ta Filadelfiya, saboda ya cire wa wani namiji bante a gaban ɗalibai mata.

To, ashe su ma sun san kunya, sun kuma san al'aurar namiji al'aura ce. Abin da ya faru daga baya shi ne kasuwa ta juya akalar. Attajiran da ke sayen zane maza ne, abin da suke so su rataya a ɗakunansu kuwa sananne ne, sai jikin mace ya maye gurbin na namiji, har kalmar tsiraici a bakin masu zane ta kusa zama sunan mace. Cikin 1989 wata ƙungiyar mata masu zane a Amurka ta shiga babban gidan ajiye zane-zane na birnin Niyu Yok ta yi ƙidaya a sashen zanen zamani. Ta tarar mata ba su kai kashi 5 cikin 100 na masu zanen da aka rataya aikinsu ba, alhali kuwa kashi 85 cikin 100 na surorin tsirara na mata ne. Watau mace ta samu shiga gidan, amma ta ƙofar tuɓewa.

Wanda ya ce duk wannan don sanin ƙirar jiki ake yi, sai ya dubi aikin Ingres, Bafaranshen da ya zana wata ƙwarƙwarar sarkin Turkawa a kwance cikin 1814. Masu suka na zamaninsa sun ce ya ƙara mata gaɓoɓin ƙashin baya har uku, don bayanta ya yi tsawon da ransa ke so. Mutumin nan kuwa bai taɓa taka ƙasar Turkiyya ba. Matan Musulmi da ya yi ta zanawa tsirara a gidajen wanka, a kansa ya ƙago su. In da ilmin ƙashi da tsoka ake nema, da ba a ƙara wa halittar Allah ƙashin da babu shi ba.

Wannan tsari ne ya biyo Turawa zuwa ƙasar nan. Sashen zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962 ya taso daga Ibadan zuwa Zariya cikin 1955, da malamai Turawa da manhaja irin ta Ingila. Ba a daɗe ba, cikin 1958, waɗansu ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya a Zariya, suna cewa ba dole ne ɗan Afirka ya haɗiye duk abin da Bature ya koya masa ba, sai ya zaɓa ya gauraya da abin da ya tarar a gidansu. Galibinsu ba Musulmi ba ne, amma sun bar wa ɗan Musulmi hujja mai ƙarfi, cewa manhajar Turai abu ne da ake tacewa.

Yanzu a komo ga uban da ya yi ajiyar zuciya. Shari'a ba ta raba 'yan Adam gida biyu ta ce ga masu al'aura ga marasa ita ba. A cikin Suratul A'araf, lokacin da Allah Maɗaukaki Ya ba da labarin faɗuwar Annabi Adamu da Hauwa'u, tsiraicin da ya bayyana na su biyun ne, su biyun ne kuma suka shiga neman ganyen Aljanna suna rufewa. A cikin Suratun Nur, umurnin runtse ido da kiyaye farji ga maza ya fara sauka, a aya ta 30, sa'an nan ya bi ta kan mata a aya ta 31. Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'idul Khudri cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana namiji duban al'aurar namiji, ya kuma hana mace duban al'aurar mace. Wannan hadisi kaɗai ya isa ya rushe dabarar da waɗansu ke ganin ita ce mafita, watau a tsai da namiji a gaban maza, mace a gaban mata. An gudu ba a tsira ba.

Akwai wani hadisin a cikin Muslim wanda ya dace da mutanen da suka san aikin ƙarfi. Miswaru ɗan Makhrama, yana yaro, ya ɗauko wani dutse mai nauyi, sai gyautonsa ya kwance ya faɗi, bai iya ajiye dutsen ba sai da ya kai shi inda za shi. Annabi ya umurce shi ya koma ya ɗauki tufarsa, ya kuma hana tafiya tsirara. Yaro ne, namiji ne, yana cikin aiki, ba da gangan ya yi ba, duk da haka ba a ƙyale ba. A shekara ta 9 bayan Hijira kuma, da aka yi shelar hana ɗawafi tsirara a Makka, ba a ware maza an ce su ci gaba ba.

Malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu ke hannun almajiran kowace unguwa daga Magajin Gari har Sakkwato, sun tsara iyakokin dalla-dalla. Al'aurar namiji a gaban namiji ita ce tsakanin cibiya da gwiwa, haka ma ta mace a gaban 'yar'uwarta mace. A gaban namijin da ba muharraminta ba kuwa, jikin mace duka al'aura ne sai fuska da tafukan hannu. Amma akwai gaɓa ta huɗu wadda mutane suka fi mantawa. A cikin Mukhtasar na Shaihu Khalil, abin da mace za ta gani daga jikin namijin da ba muharraminta ba daidai yake da abin da namiji zai gani daga jikin muharramarsa, watau fuska da sassan gefe kamar kai da hannuwa da ƙafafu. Saboda haka in 'ya mace ce uban ya tura karatu, kalmar "namiji ne zai tsaya" ba ta warware masa kome ba, ko da kuwa namijin na sanye da gajeren wando. Har ila yau malamai sun haramta duban saurayi marar gemu da nufin jin daɗi, ko da yana cikin rigarsa. Hukuncin yana bin abu biyu ne, wurin da aka duba da zuciyar da ta duba.

Gaskiya ɗaya mai ɗaci ita ce jama'a sun daɗe da sakaci game da al'aurar namiji, tun kafin a san wata makarantar zane. Ga samari na wanka a rafi a buɗe, ga 'yan dambe da 'yan kokawa da warki a dandali, dattawa na kallo suna tafi, ga masu haƙar zinariya a ramukan dajin nan da ɗan abin da bai kai ya rufe cinya ba. Game da cinya akwai sassauci a wurin waɗansu malamai, saboda hadisan da suka zo ta fuska biyu, kuma mai aikin rami yana da uzurin da mai zaman zaure ba shi da shi. Amma sakacin ya koya wa mutane wani mugun karatu, cewa kunya kayan mata ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, a cikin Nurul Albab, da ya zo maganar halin da mata ke ciki, kan maza ya ɗora laifin, musamman malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. Wanda ya tsananta wa mace ya sassauta wa kansa bai bi Shehu ba.

Adalci kuwa ya wajaba a yi wa masu zane, domin hujjarsu ba ta wofi ba ce. Suna cewa wanda bai san yadda allon kafaɗa ke motsi ba, ko yadda nauyin jiki ke sauka a kan ƙafa ɗaya, ba zai iya zana ko mai babbar riga ba, sai rigar ta fito kamar an rataya ta a ƙusa. Wannan gaskiya ne. Suna kuma cewa wanda ya saba da ɗakin darasi ba ya ganin kome sai layi da inuwa, kamar yadda likita ba ya ganin kome sai ciwo. Wannan kuwa rabinsa gaskiya ne, domin ba a musun cewa akwai masu tsarkin niyya a cikinsu. Sai dai ƙiyasi da likita bai tsaya ba. An yi wa likita rangwame ne saboda larura, domin in bai duba ba rai ko lafiya na iya salwanta, kuma ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce larura gwargwadonta ake auna ta: wurin ciwon kaɗai, a lokacin buƙata kaɗai, in an samu mace ta duba mace ya fi. Ibnu Abi Zaid a cikin Risala ya kawo irin wannan rangwame ga mai ba da shaida da mai neman aure, kowanne da iyakarsa. Mai zane kuwa ba wanda zai mutu in bai ga abin da ke tsakanin cibiya da gwiwa ba. Ƙwarangwal na nan, littattafan ƙirar jiki na nan, mutum-mutumin roba da ɗaliban likitanci ke koyo da shi na nan, hannu da ƙafa da wuya da fuska kuma, waɗanda su ne mafiya wuyar zanawa, duk a fili suke. Abin da ya rage bayan an cire waɗannan bai kai a kira shi larura ba.

Bambanci na biyu ya fi na farko nauyi. Likita in ya gama dubawa ya rufe, magana ta ƙare. Mai zane in ya gama dubawa, a lokacin ne abin ya soma, domin ya mai da duban sa'a biyu ya zama takarda wadda za ta daɗe fiye da mai jikin. Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Mas'ud cewa Annabi ya hana mace ta siffanta wa mijinta jikin wata mace har ya zama kamar yana ganinta. In siffantawa da fatar baki ta haramta, yaya siffantawa da alƙalami, wadda za a rataya, a saya, a ɗauka a waya a aika wa duniya?

Sa'an nan akwai tambayar da ba a cika yi ba, alhali ta fi ta mace ko namiji muhimmanci: wane ne ke tsayawa? Galibi ba 'yar sarki ba ce, ba ɗan attajiri ba ne. A Turai kanta, mafi yawan waɗanda suka yi wannan sana'a matalauta ne, 'yan ci-rani da masu neman abin sawa a baki. Ɗan Afirka kuwa yana da dalilin tunawa da Sarah Baartman, matar da aka ɗauko daga Afirka ta Kudu cikin 1810 aka yi ta nuna jikinta a Landan da Faris ana karɓar kuɗi. Cikin 1815 masana suka tsai da ita a Faris don masu zane su zana ta, da sunan ilmi. An rubuta cewa ta ƙi sakin ɗan ƙyallen da ta rufe gabanta da shi, ko da aka miƙa mata kuɗi. Da ta rasu a ƙarshen wannan shekara, sai suka samu abin da ta hana su tana da rai, aka ajiye sassan jikinta a gidan tarihi, ba a mai da ita ƙasarta aka binne ba sai cikin 2002. Bayan ita, a farkon ƙarni na 20, masu ɗaukar hoto na zamanin mulkin mallaka sun cika kasuwannin Faransa da katunan 'yam matan Afirka ta Yamma ba riga, abin da ba za su yi wa 'yan'uwansu mata ba.

Wannan magana ba ta yi wa ƙasar Birnin Gwari nisa ba. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan dajin Kamuku da Kuyambana, mutane da yawa sun bar gonakinsu sun bazu cikin birane, ga zawarawa ga marayu ga magidantan da ba su da abin yi. Mai yunwa in aka ce ya tuɓe a biya shi, yana iya cewa to. Masu wannan al'ada za su ce ai da yardarsa aka yi. Shari'a kuwa ba ta ɗauki al'aura a kan hajar da mai ita zai sayar in ya ga dama ba, domin akwai haƙƙin Allah a cikinta, shi ya sa a hadisin Bahzu ɗan Hakim aka nuna cewa ko mutum shi kaɗai ne a ɗaki, Allah ne Ya fi cancanta a ji kunyarsa. Wannan hukunci, wanda waɗansu ke gani kamar takurawa, shi ne katangar matalauci, mace ko namiji, ranar da ba shi da wata katanga.

Kada kuwa wani ya fahimci cewa an rufe wa yaro mai hannun zane ƙofa. Mas'alar sura daban take da mas'alar tsiraici, kuma malamai sun yi saɓani a kanta. Imamun Nawawi da waɗanda suka bi shi sun haramta surar duk abu mai rai, ko a takarda ko a dutse, suna kafa hujja da hadisan da suka yi wa masu sura kashedi mai tsanani, da kuma shawarar da Ibnu Abbas ya ba wani mai wannan sana'a, cewa in ba makawa ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Malikiyya kuwa sun taƙaita haramcin ga sura mai inuwa, watau mai jiki kamar gunki, wadda gaɓoɓinta suka cika. Wadda ke shimfiɗe a takarda ko bango, a wurinsu ba ta wuce karhanci ba, kuma sun yi rangwame ga 'yar tsanar 'yam mata. A farkon ƙarni na 20 Shaihu Muhammadu Abduh, muftin Masar, ya tafi a kan cewa illar hanin ita ce tsoron bauta wa surar, in wannan ta kau kuma ga amfani a fili, to, ba laifi. Amfanin kuwa ba ɓoyayye ba ne: littattafan firamare, da takardun faɗakarwa na asibiti, da zanen da ke kan kuɗin da ke aljihun kowa, duk hannun masu zane ne.

Ƙasar nan ma ba baƙuwar gwaninta ba ce. Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 da laka da azara, wanda kuma labarin baka ya ce aikinsa na ƙarshe a Birnin Gwari ya yi shi, masana gine-gine sun zo daga ƙasashen waje sun auna bakunan da ya ɗaura. Ladi Kwali, Bagwariyar da hotonta ke bayan takardar naira 20, da tukwane ta kai Landan, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba ta digirin girmamawa cikin 1977. Ga masu adon bangon gidaje, ga maɗinkan aska takwas, ga marubuta Alƙur'ani masu zayyana. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya buƙaci a tuɓe masa wani.

Uban da ɗansa ko 'yarsa ta samu gurbi a sashen zane, abin da ya dace ya yi shi ne ya tafi makarantar da ƙafarsa, ya nemi shugaban sashen, ya tambaye shi cikin ladabi yadda ake gudanar da wannan darasi: me mai tsayawar ke sanye da shi, su wa ke cikin ɗakin, ina zanen ke tafiya bayan an ba da maki, kuma in ɗalibi ya nemi a musanya masa da zanen mutum cikin tufafinsa, za a karɓa ko za a kā da shi. Amsar waɗannan ita za ta nuna masa ko ya bar yaron ko ya nema masa wani sashe. Ɗalibin da ya riga ya shiga kuwa, in ya tarar da abin da shari'a ta hana, yana da damar ya nemi wannan musanya a rubuce, shi da abokansa masu irin ra'ayinsa, Musulmi da Kirista, domin a cikin Kirista ma akwai masu ƙyamar abin. Allah Shi ne Mafi sani.